Ginshiƙin Gidan Tsofaffi

Wietske Hoornstra ta sauka garejin da ke ƙarƙashin gidan tsofaffin ne don ta duba wata 'yar tsaga da aka ce fenti ne kawai ya ɗaye. Ita ce ƙaramar injiniya a kamfaninsu, irin wannan aikin kuwa ita ake turawa. Da ta ƙwanƙwasa gindin ginshiƙin tsakiya da guduma, sai kankare ya zubo mata a kan takalmi kamar busasshen burodi. Rodin ciki duk tsatsa ta cinye shi, wani ma da yatsa ta karya. Shekara da shekaru motoci na shigowa da gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ruwan yana kwanciya a nan yana cin ƙarfe. Hawa biyar ne a kan ginshiƙin, cike da mutanen da sai da sanda ko keken guragu suke motsi.

Shugabanta, Tjeerd Bakema, ya zo ya gani da idonsa. Ya daɗe a tsugune yana shafa wurin, sannan ya ce a tokare ginin da ƙarafa, a lallaɓa har sanyi ya wuce. Ita kuwa ta ce daɓen garejin a kan ƙasa mai taushi yake, in aka ɗora masa nauyin nan lumewa zai yi. Suka koma ofis kowa ya yi lissafinsa. Nasa ya nuna ginin zai kai bazara, nata ya nuna ba tabbas. Bambancin duk yana kan yawan ƙarfen da ya rage a cikin ginshiƙin, abin da ba mai iya gani sai an fasa shi.

Tjeerd ba mutumin banza ba ne, ba kuma tsoron masu ginin yake yi ba. Ya taɓa ganin an kwashe tsofaffi a tsakiyar hunturu, ya san abin da ya biyo baya.

"Tsoho ba kujera ba ne, Wietske," in ji shi. "In kika ɗaga shi daga inda ya saba, ba lallai ya zaunu a wani wuri ba."

Ta ce ta ji, amma hannunta ba zai hau takardar da ta ce ginin lafiya lau yake ba. Bai hana ta ba. Da yamma ta kira hukumar gari, washegari aka ba da umarnin kowa ya fita.

A ɗakin cin abinci aka tara tsofaffin, ga ƙamshin miyar wake ya cika wurin. Wietske ta yi musu bayani. Wani dattijo mai faffaɗar kafaɗa, Douwe Algra, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin dakon kaya a kogi, ya ɗaga sandarsa.

"'Yar nan, mu ma duk rodinmu ya yi tsatsa, ga mu nan tsaye. Ko mu ma rushe mu za ki yi?"

Aka yi dariya, har da ita. Matarsa Baukje na gefensa tana riƙe da hannun rigarsa. Ciwon mantuwa ya daɗe da kama ta. Ba ta san shekara ba, ba ta san sunayen 'ya'yan 'yan'uwanta ba, amma ta san tagar ɗakinsu, ta san mijinta, kuma ba ta karɓar cokali sai daga hannunsa.

Ba a sami wurin da zai ɗauke su tare ba. Aka kai Baukje wani gidan jinya a can kudu, shi kuma aka ba shi gado a wani ƙauye da motar haya ba ta cika zuwa ba. Ya yi ta roƙo, aka yi ta ce masa na ɗan lokaci ne. Ranar da ya samu ya je sai ya tarar ta juya wa bango fuska, abinci ya huce a gefe. Tun ana ɗura mata har ta daina haɗiya. Kafin ƙanƙara ta narke aka binne ta. Ba ita kaɗai ba ce. Cikin waɗanda aka kwashe, waɗansu ma ba su ga bazarar ba, ko da yake likitoci sun ce da ma masu shekaru ne.

Garin ƙarami ne, kowa ya san wadda ta sa aka rufe gidan. Mai sayar da burodi ta daina tambayarta lafiyar mahaifiyarta. A ofis Tjeerd bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba, sai dai ya kan ajiye mata kofi a tebur ya wuce. Wannan ya fi mata ciwo. Ginin kuwa yana nan tsaye, ba kowa a ciki, iskar teku na dukansa, ko gezau.

Sai da zafi ya shigo aka zo rushe shi. An yanki ginshiƙin an kai gwaji, sakamakon ya faɗo tsakanin lissafinta da na Tjeerd, bai ba kowa gaskiya ba. Wietske ta tsaya bayan shinge tana kallon katafila na cizon hawa na sama. Sai ta ji mutum ya tsaya kusa da ita. Douwe ne. Ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa.

Da katafilar ta yaye gaban wani ɗaki mai koren bango, ya ce nan ne nasu. Can ya juyo.

"Injiniya, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da kin bar mu, da ginin ya faɗi?"

Ta san amsar da za ta sanyaya masa rai, ta kuma san ita ma za ta sami barci in ta faɗe ta. Kalma ɗaya ce.

"Ban sani ba, Baba," ta ce. "Da yana iya kai shekara goma. Da yana iya zubowa a makon da aka kwashe ku."

"To da yau ne, me za ki yi?"

"Da na sake fitar da ku."

Ya gyaɗa kai a hankali, bai yi fushi ba, bai kuma ce ya yafe ba. Ya ce da ma ya so ta ce masa zai faɗi, da ya san abin da zai riƙa gaya wa kansa.

Aka fara yayyafi. Ta ce ya zo ta kai shi gida a motarta, ya ce a'a, ya saba da jira. Ya dogara sandarsa ya tsallaka titi zuwa inda motar haya ke tsayawa. Wietske ta shiga motarta ta zauna ba ta tayar ba. Ta gilashi take hango shi a tsaye cikin ruwa, ya juya wa ginin baya, har motar hayar ta zo ta ɗauke shi.