Faratan Don Evaristo

"Wa ya yi wannan aikin?" Stavroula ta dire kwanon miya a kan tebur, ta kama hannun daman maƙwabcinta Don Evaristo. An yanke faratan ƙiris ya rage a taɓa nama.

"Ni ne, Inna," in ji ɗansa Rodrigo daga bakin ƙofa. "Duk ya yayyage wuyansa da susa. Yana barci na gyara masa. To mene ne? Farce ne fa, zai fito."

"Zai fito yaushe? Likita ya ce maka ubanka yana da lokacin jiran farce? A gidan nan aka haife ka, shashasha!"

Tsohon yana ta shafa kan yatsunsa da babban yatsa, kamar mai neman abin da ya faɗi.

Tun da ya zo daga Chile da akwati da jita, bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da kicin ɗinta a unguwar Footscray. Ba ya buɗe gwangwani da hannun nan, ba ya taya ta cire ciyawa. Ta sha kiransa malalaci a kan haka. Kowace safiya sai ya zauna ya goge faratan, domin da su yake kaɗa tsirkiya. Da su ya koyar da yaran unguwa, wasu har sun zama malaman kiɗa a manyan makarantu.

Kiɗansa na ƙarshe kuwa bayan idonsa ya mutu ya haɗa shi, ba a rubuce yake ba. Ya kuma hana a ɗauka da waya. "Daga hannu kiɗa yake shiga hannu," in ji shi. Yau ne tsohuwar ɗalibarsa Moira za ta zo daga Sydney ta karɓa.

Ta iso da rana, da fure a hannu. Aka jingina shi da matasai, aka ɗora masa jitar. Ya fara. Sautin ya fito a dushe, kamar ana kiɗa a ƙarƙashin bargo. Ya sake. Ya kuma sakewa. Sai ya kife tafinsa a kan tsirkiyoyin.

"Malam, ci gaba mana, ina ganewa."

"Ba ki ganewa. Kin taɓa ganin na bar ɗalibi ya yi wannan ƙazantar a gabana?"

"To in sun fito zan dawo. Bari mu gama jarrabawa."

"Sai kin dawo, 'yata."

Stavroula ta juya ta hau goge teburin da ba komai a kansa.

Wata bai ƙare ba ya rasu. A wajen jana'iza ɗalibai suka cika coci, suka yi ta yabo, suka kaɗa kiɗan wasu mutanen da suka daɗe da mutuwa. Rodrigo ya fi kowa kuka.

Wajen shan shayi Stavroula ta kamo hannun rigar Moira. "Yarinya, ni fa na san kiɗan nan nasa na ƙarshe. Ta bango na yi ta jin sa. Saurara." Ta soma rerawa da hanci.

"Kai, da daɗi, Inna." Moira ta bubbuga mata kafaɗa, idonta a kan wayarta. "Kar jirgi ya tafi ya bar ni."

Washegari Stavroula ta fito ba tumatir ruwa a jikin shinge. Tana rerawa tiryan-tiryan, har ta kai tsakiya, inda tsohon yake sassauta hannu, inda bango bai taɓa barin sautin ya wuce ba. Nan ta tsaya, baki a buɗe. Ruwan ya cika gindin tumatir, ya gangara ta ƙarƙashin shinge zuwa ɗayan gidan.