Ranar da Baba Ya Ci Gwaji

Ni ce na yi ta zarya asibiti har suka yarda su kawo gwajin suga kyauta unguwarmu. Gida-gida na bi ina faɗa wa mutane cewa cutar nan ba ta sallama, sai ta gama ɓarna ake jin motsinta. Amma duk wannan faɗi-tashi don mutum ɗaya nake yi: Baba.

Baba tela ne, keken ƙafa yake takawa. Gorar ruwa ba ta barin gefensa, kafin ya haɗa hannun riga ya zagaya bayi ya dawo. Wandunansa ma da kansa ya rage musu ƙugu. Ga ciwon da ƙusa ta bar masa a babban yatsan dama, ƙafar da yake cin abinci da ita, tun bara ya ƙi warkewa.

"Baba, alamun suga ne fa."

"To, Likita. Ni na kai ki makaranta, yau kuma ni za ki yi wa duba?"

"Ɗigon jini ne kawai."

"Haka aka ce wa Mai Aski. Da ƙafa biyu ya je, yanzu takalmi ɗaya yake sawa."

Mai Aski amininsa ne, shagonsa na jikin na Baba. Na yi bayani har muryata ta dishe cewa jinkiri ne ya cinye ƙafar nan, gwaji bai taɓa yanke ko farce ba. Baba ya ci gaba da zura zare a allura. Shi ya sa na yi mamaki da ana gobe gwajin ya ce, "Zan je, don ki shafa mini lafiya."

A harabar makaranta aka kafa rumfa. Baba ya bi layi cikin rigarsa mai kyau, yana gumi, hannunsa na rawa. Na ɗauka tsoro ne. Nas ta tsaga yatsansa, ta ɗiga jinin a tsinken gwaji, ta dubi na'urar.

"Baba, ai ka fi ni lafiya. Sugan ma ya yi ƙasa. Je ka karya."

"Ki duba ƙafarsa," na ce.

"'Yar'uwa, kalli layin nan. Na gaba!"

Na biyo shi shago kaina a ɗaure. Tun daga nesa Mai Aski yake ɗaga sandarsa yana dariya.

"Tela, an ci?"

"An ci, har da yabo."

"Ban faɗa maka ba? Ƙwayata ba ta ƙarya."

Na tsaya cak. "Wace ƙwaya, Kawu?"

"Ta ciwon suga da asibiti ke ba ni mana. Na ba shi ya sha jiya, ya ƙara da safe, bai sa komai a ciki ba. Ke kina so su rubuta shi cikin masu ciwo? Wa zai kawo ɗinki wurin mai jiran wuƙa?"

"Kun san kuwa wannan na iya kashe mutum?"

"Ga ni kuwa a tsaye," in ji Baba.

Da gudu na koma makarantar. Na tarar ana naɗe rumfa, Nas tana rufe akwati. Ta saurare ni har na gama, ta dafe goshi.

"Tsinken gwaji ya ƙare. Ko da akwai ma, maganin yana jikinsa. Ki tabbata ya ci abinci yanzu, sannan ki kawo shi asibiti."

"Ba zai zo ba. Ke kika ce masa ya fi ki lafiya."

"Abin da na'ura ta nuna na faɗa."

"To yaushe za ku dawo?"

Ta ɗaga kafaɗa, ta miƙa wa direba akwatin.

Da na dawo, shagon ya cika. Baba yana ba maƙwabta labarin yadda Nas ta yabe shi, wasu har suna tambayar Mai Aski sunan ƙwayar. An kawo masa shayi. Ya zuba suga, ya ɗanɗana, ya ƙara. Yau dai ban isa in hana ba, ƙwayar ta sauke masa suga, jikinsa na bukata.

"Likita," ya ce, "zo ki zura mini zaren nan, idona ya ɗan yi hazo."

Na durƙusa na zura. Ya ɗora ƙafar a kan matakin keke. Ƙyallen da ya ɗaure yatsan da shi ya jiƙe, warin ya bugi hancina. Ya fara takawa.