Katako a Cikin Ƙarfe

Yana tsakiyar haɗa ƙyauren wani gida, wuta na tartsatsi, wayarsa ta fara motsi a aljihu. Bai kula ta ba sai da ta yi sau uku. Ya ture gilashin walda zuwa goshi ya duba. Auta ce, ƙanwar matarsa.

"Yaya, ko ka san inda Anti take ajiye makullin durowar shago? Wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, ta tsaya mini a ka."

"Ki tambaye ta mana. Ba tana nan ba?"

"Ai ta fita. Ta tafi gidan motsa jikin nan na mata da ke bayan asibiti. Nas ɗin awo ce ta haɗa ta da su, wai suna da ajin masu ciki. Ba ta faɗa maka ba?"

Ta faɗa masa. Yanzu ya tuna. Shekaranjiya ne, yana cin abinci, ya ce mata to, alhali hankalinsa na kan wannan ƙyauren. Shi a zatonsa irin miƙe-miƙen nan ne da ake yi a kan tabarma.

"Ƙarfe suke ɗagawa a can?"

"Ƙarfe mana. Har littafinta ta ɗauka. Ta ce za ta nuna wa kocin cikin wata biyar gare ta amma kilo goma-goma take ɗagawa kamar ba komai."

Ya kashe wayar bai ko yi sallama ba. Ya kira matar tasa, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru.

Dogo, abokin aikinsa na shekara goma sha biyar, ya kashe injin yanka ya dube shi.

"Lafiya? Ka yi fari kamar wanda wuta ta ja."

"Ta tafi inda ƙarfen gaske yake."

Dogo bai buƙaci ƙarin bayani ba, don shi ya yanka masa katakon. Ya kaɗa kai.

"Na gaya maka tun ranar. Mace mai auna wuyan riga da ido za ka yaudara da fenti?"

"Ka ƙarasa ƙyauren."

"Jeka. Ka cire gilashin nan dai, kada ka firgita 'ya'yan mutane."

Bai cire ba. Ya manta da shi.

Maganar ƙarfen nan ta samo asali ne shekara shida da suka wuce. Matarsa tela ce, tun safe har la'asar tana duƙe a kan keke, har bayanta ya kai ba ta iya ɗaukar bokiti. Magani ya ƙi. Wata mai gashin ƙashi a asibiti ta ce ta bar ƙwayoyi ta ƙarfafa bayan, ta koya mata yadda ake tsugunawa da nauyi a miƙe da shi. Shi ya haɗa mata kayan da hannunsa: sanda ɗaya, da fayafan ƙarfe da ya yanko daga wani tsohon inji. Ya auna kowanne a sikeli, ya shafa baƙin fenti, ya rubuta nauyin da fari. Kilo biyar, goma, goma sha biyar. Bayan ya warke. Ita kuma ta kamu da abin. Kullum da safe a tsakar gida, ta ɗaga, ta rubuta a ɗan littafinta. Yana ce mata Tela, tana ce masa Maƙeri, ko da yake ya sha gaya mata walda daban ƙira daban.

Shekara biyu da suka wuce ta sami ciki, bayan dogon jira. A wata na uku ya zube. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Ita ta koma kan keke, shi ya koma kan wuta.

Da wannan cikin ya zo, likita ta duba ta sosai ta ce komai lafiya, kuma tunda jikinta ya saba, ta ci gaba amma ta rage nauyi. Kada ta riƙe numfashi, kada ta kwanta rigingine da ƙarfe idan cikin ya tasa, in ta ga jini ko jiri ta ajiye ta zo. Tela ta bi. Da kanta ta tura na goma sha biyar ƙarƙashin gado ta tsaya a goma-goma.

Shi goman ma ba ta kwanta masa ba. Ya san in ya ce ta bari, za ta ce likita ta yarda, kuma ba shi da amsa, don shi ba mutumin gardama da masu karatu ba ne. Sai ya yi abin da ya iya. Ya sa Dogo ya yanko katako zagayayye guda biyu, ya lulluɓe su da fallen ƙarfe, ya bi bakin da walda, ya goge har ba a ganin ɗinkin. Baƙin fenti, farar goma. Ran da ta je awo ya musanya. Sati uku ke nan tana ɗaga su tana murna.

"Maƙeri, yaron nan ƙarfi yake ƙara mini," ta ce masa wata safiya. Ya ce Allah ya sa.

Yau kuma za a miƙa mata goma ta gaskiya, ta kama da gaba gaɗi, jikinta bai san da ita ba.

Bas ɗin da ya shiga ta yi ta tsaye-tsaye. Nan a sauke mai buhu, can a jira mai gudu. Ya kira wayar sau huɗu. Wata mata da ke kusa da shi ta janye mayafinta daga baƙin man da ke jikin rigarsa. A mahaɗar hanyar asibiti motoci suka cushe, wata babbar mota ta mutu a tsakiya. Ya sauka ya kama gudu. Mutum ne mai shekara arba'in da bakwai da tumbi, takalman aikinsa masu nauyi ne, rabonsa da gudu har ya manta.

Gidan bene ne mai hawa ɗaya, an shafa masa kore. A bakin ƙofa wata dattijuwa na zaune a kan kujerar roba, rediyo a cinyarta.

"Ina zuwa haka, ɗana?"

"Mama, matata na ciki. Ciki gare ta."

"Yau Talata. Duk wadda ta shiga nan ciki gare ta. Maza ba sa shiga."

"Minti ɗaya."

"Ko rabin minti. Mata ne babu mayafi. Faɗi saƙonka in kai."

Ya tsaya yana haki. Saƙon ba irin wanda ake ba wa wani ba ne. Ta cikin tagar da ke sama da kansa yana jin ƙarar ƙarfe na taɓa ƙasa, da muryar wata tana ƙirge.

"Ki ce wa kocin kada ta ba telar nan goma."

"Goman me?"

"Kilo. Ki ce goman gidanmu ba goma ba ce. Katako ne a ciki."

Dattijuwar ta rage rediyo, ta dube shi daga takalmi har gilashin da ke goshinsa. Ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai wajen tagar ta buɗe murya.

"Koci, ga wani nan ya ce goman gidansu katako ce."

Ƙirgen ya tsaya. Wata ta yi dariya a ciki, aka ce mata ta yi shiru.

Kocin ta fito tana yafa mayafi. Gajeriya ce, akwai furfura a gaban kanta, hannuwanta sun fi na Dogo kauri. Ta ja ƙofar ta rufe a bayanta.

"Kai ne mai waldar?"

"Ni ne. Ta ɗaga?"

"Fara faɗa mini abin da ka yi."

Ya faɗa mata, a tsaye a kan titi, bai rage komai ba. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"To ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen," ta ce. "Ni ba na aiki da abin da ke rubuce a littafin kowa. Duk wadda ta zo, sanda zalla nake fara ba ta. Tana ɗagawa tana ba ni labari. Muddin magana na fita daidai, in ƙara kaɗan. Da zarar maganar ta fara yankewa, nan ne iyakarta ta ranar. Matarka tana koya mini yadda ake yanka hannun riga, muka kai takwas-takwas, sai magana ta fara tsinkewa. Na tsayar da ita."

Ya dafa bango.

"Alhamdu lillahi."

"Ban gama ba. Ka san inda take yanzu? Tana zaune a benci, ta riƙe ciki da hannu biyu. Jiya ta ɗaga goma kamar wasa, yau takwas ta gagare ta. Me kake so ta ɗauka? Ta ce mini haka ta ji wancan karon, ƙarfinta ne ya fara tafiya. Takalmina nake sawa zan raka ta asibiti ka zo."

Ta nuna shi da yatsa.

"Mai ciki da abin da ta sani take auna jikinta. Kai kuma ka je ka gyara mata ma'aunin a ɓoye. Da ka bar ta da goman gaskiya, da kanta za ta ji ta yi nauyi ta rage. Jira nan."

Dattijuwar ta tura masa wata kujera da ƙafa. Bai zauna ba.

Tela ta fito da jakarta a kafaɗa, littafin a hannu. Idanunta sun yi ja. Ta tsaya a gabansa, cikin ya turo doguwar rigar da ta ɗinka wa kanta.

"Nawa ne?"

"Ɗaya shida. Ɗayan shida da rabi."

"Ko ƙaryar ma ba ka daidaita ba. Shi ya sa kafaɗata ta hagu take ciwo."

"Katakon ne bai zo ɗaya ba."

Dattijuwar ta rufe baki da gefen mayafi.

Duk da haka sai da suka shiga asibitin, tunda ga shi nan kusa, kuma Koci ta ce hankali ba zai kwanta ba sai an ji bugun zuciyar yaron. Nas ta shafa mata mai a ciki ta ɗora ɗan injin. Ɗakin ya cika da wani sauti mai sauri, kamar ana buga ƙaramar guduma a nesa. Nas ta ce lafiya lau. Tela ta rufe ido. Shi yana bakin labule, sai a lokacin ya ji gilashin a goshinsa, ya cire ya riƙe a hannu.

Suka hau bas ɗin komawa gida. Ta buɗe littafin tana bin shafukan sati uku da biro, tana soke kowace goma. Ba ta yaga ko ɗaya ba.

Sun iso gida rana ta yi sanyi. Ya tafi kai tsaye inda sandar take jingine, ya fara kwance fayafan.

"Ina za ka kai su?"

"Shago. In fasa su. Gobe in dawo miki da naki."

"Ajiye. Akwai sauran farin fenti?"

Akwai, a bayan tukunyar ruwa. Ta sa ya kankare goman da wuƙa. Ya tsuguna ya rubuta shida a ɗaya, shida da rabi a ɗayan.

"Gobe ka kai wannan ka rage masa rabin," ta ce. "Koci ta ce nan da wata biyu shida zan koma. Da ma zan ce ka haɗa mini. Nawa na gaskiya kuma ka dawo da su, za su jira ni."

Ta ɗauko na biyar-biyar, waɗanda bai taɓa ba, ta zura a sandar ta ɗaure. Ta gyara tsayuwa, ta ware ƙafafu don cikin ya sami wuri.

"Sauran zagaye ɗaya ban yi ba yau, saboda kai. Tsaya nan gabana. Yi mini magana."

"Maganar me?"

"Ko ta mece ce. Sai ina amsawa za a san ban wuce iyaka ba. Da bango zan yi hira?"

Ta kama sandar. Ya tsaya yana juya gwangwanin fenti a hannu. Ya nemi maganar ƙyaure, ya nemi ta Dogo, babu wadda ta zo. Ta miƙe da ƙarfen, ta sauke. Ɗaya.

"Wancan karon," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ni na haɗa ƙarfen. Tun ranar nake ganin da hannuna na yi."

Ta miƙe, ta sauke. Biyu.

"Likita ta gaya mana tare, kana tsaye, cewa ba ƙarfe ba ne, ba keke ba ne, tun farko cikin bai zauna ba. Kai ne ba ka ji ba, kana kallon takalminka kamar yadda kake yi yanzu."

Ta faɗe shi duka a tafi ɗaya, numfashinta bai yanke ba ko sau ɗaya. Ya ɗago kai.

"Nawa ke nan?" ta ce.

"Uku."

"Huɗu ne, Maƙeri. Ci gaba da magana, saura shida."