Sunan da Fada Ya Karanta

...kuma ba da gangan ta yi ba, Allah ya sani. 'Yar takarda ce, ta yage ta daga bayan kalanda, ko tafin hannu ba ta kai ba. Fidelina tana zaune a ƙofar kicin da tire a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafa, amma idonta yana kan hanya. Farar motar tana nan. Tun hantsi tana nan, a gindin mangwaron makaranta, gilashi a rufe ruf. Wa ke rufe gilashi a zafin garin Consuelo in ba wanda ya taho da sanyinsa daga Santo Domingo ba?

Tsakuwa. Tsakuwa. Wannan ai shinkafa ce ta jefar wa kaji...

Da safe ya kira. Amauris — a'a. Isidro. Isidro ne ya kira. Shekara bakwai tana gyara bakinta, har a cikin kai sai ta gyara, kamar akwai mai laɓe a can ma.

"Sa mini albarka, Mami. Kina tsaye? To nemi kujera. Koci ya kira ni ofis, na ce shi ke nan, za su sake cilla ni ƙasa. Sai ya ce, yaro, wurin ya zama naka. Kullum, Mami! Ba sai wani ya karye ba. Duk ranar da za a buga, da ni za a fara." Dariyar nan tasa mai shaƙewa, irin ta ubansa. "Kin yi shiru, tsohuwa. Ko suma kika yi? In kira Nereida ta watsa miki ruwa?"

Allah ya yi maka albarka, ɗana. Abin da ta ce ke nan. Ba ta ce akwai mota ba.

Sau huɗu suna ɗaga shi zuwa babbar gasar besbol ta Amurka, wasan nan na ƙwallo da sanda, sau huɗu suna mayar da shi ƙananan garuruwan nan masu sanyi — doguwar bas, ɗaki ɗaya mutum huɗu, shinkafar da ba ta san wake ba. A sama kuwa sati biyu a kan benci, yana kallon wani yana tsaron wurinsa. Suna haƙuri da shi saboda yaro ne. Haka mai rediyo yake faɗi: ashirin da uku kacal, jama'a, jikinsa ma bai gama cika ba! Ashirin da shida fa? Wa ke haƙuri da ɗan ashirin da shida? Ita ta yi naƙudarsa, a shekarar da guguwa ta kwantar da rake har bakin teku. Ta san lissafinta.

Cuco... hular nan tasa, tsinken sakace a baki. Mutumin da ke tara yaran unguwa a filin bayan injin sukari, ya horar da su, ya kai wa Amurkawa. Ya zauna a nan, a kan wannan kujerar, lokacin rufin kwano ne mai yoyo.

"Doña, ɗanki yana da hannu, wallahi yana da hannu. Amma sha tara? A harkar nan kaka ne. 'Yan sha shida suke ɗauka. Ɗan sha tara lemo za su ba shi su ce a gaida gida."

Ita ta kawo gwangwanin biskit ɗin da take ajiye takardu. Ita da hannunta. Ya zaro ɗaya, ya zaro ta biyu. Wannan fa? Ta ce takardar haihuwar ƙaramin ce, Isidro, ya rasu. An rubuta? An rubuta me? Mutuwar, Doña, an kai ofis?

Wa zai kai? Zazzaɓi ne, kwana uku, ruwa ya cinye hanya. Shekararsa huɗu. Ubansu ya cire katakon gado ya ƙera akwati, aka kai shi maƙabartar bayan gona kafin rana ta yi zafi... ƙafafunsa, Uwa Maryamu, ƙafafun nan da ba su taɓa sanin takalmi ba...

"To a wurin gwamnati yana raye," in ji Cuco, a hankali, kamar mai ba da magani. "Sha shida cif."

Lokacin ba ta iya karatu ba. Yatsa ta dangwala. Da ta iya, da ta ƙi? Kar ki yi wa kanki ƙarya, Fidelina. Uban ya riga ya bi ƙaramin, babban yana tashi da asuba yana gudu a layin dogo da tayar mota ɗaure a ƙugu, tafin hannunsa duk kanta. Duk yaron Dominika da ke da hannu hanya ɗaya ya sani. Za ki tare ta da gawa?

Aka cire gicciyen kabarin. Unguwa ta koyi sabon suna a sati guda, wanda duk bakinsa ya suɓuce ya ce Amauris, shi zai sayi giya a kantin Don Pilo. Sai abin ya zama wasa. Sai ya daina zama wasa, ya zama gaskiya. Yaran da aka haifa bayan nan ba su ma san an taɓa yin wani Amauris ba.

Ƙofar motar ta buɗe? A'a. Hasken rana ne.

Ɗan ƙaramina... kai ne ban san yadda zan yi da kai ba. Akwai wani akwatin katako a ƙofar coci, kowa ya jefa sunan mamacinsa ranar da shekara ta zagayo, Fada ya karanta a sujada, jama'a su ce amin. Shekara goma sha biyu ina ba wani ya rubuta mini naka. Daga nan shiru. Shekara bakwai ina wuce akwatin nan kamar ban san shi ba. Wa zan ba ya rubuta? Me zan ce? Yaron da ba a ambata, ba gicciye, ba kyandir — ina yake tsayawa? Wa ke kiransa a can? Kuma albarkar da nake sa wa yayanka kullum da sunanka, a kan wa take sauka?

Shi ya sa ta koya. Da littafin addu'a, da yatsa, harafi bayan harafi, in ta gama wanki. Ba don ta karanta jarida ba. Bana hannu ya tsaya, ta zauna ta zana shi, sau uku tana yagewa: Isidro Carela. Ta ninke huɗu. Tsohon Fada ai ba a jin abin da yake karantawa, cikin gemu yake gunguni, sunayen su wuce kamar ruwa a kwata. Allah zai ji, mutane ba za su ji ba. Dabararta ke nan. Ina ta san an kwantar da shi asibiti? Ina ta san sabo za a turo, ɗan saurayi daga Santiago, murya kamar mai tallar kifi — kuma Lahadin nan ce ake sa sujada a rediyon gari?

Domin ran Isidro Carela.

Cocin ya yi tsit. Wani ya yi tari. Fada ya ɗaga kai yana murmushi, ya ce kai, sunan ɗan wasanmu sak, Allah ya ja kwanansa, wannan wani ne daban! Ba wanda ya yi dariya. Ta ji idanu a ƙeyarta, layi-layi, har ƙofa. Kuma a cikin zuciyarta, Allah ya gafarta mata, daɗi ta ji. An faɗe shi da ƙarfi. An ce amin.

Kwana goma sha ɗaya ke nan. Wa ya kai magana? Garin nan cike yake da iyayen da aka ba 'ya'yansu lemo. Ko ba kowa. Rediyo ai ba ya zaɓen kunne.

Motsi a bayan gida — maƙwabciyarta Nereida ce, ta ɓullo ta tsakanin itatuwan agade, silifas ɗaya a hannu, tana haki. Nereida da ta riƙe Amauris ranar baftisma.

"Ke Fide, da kin zauna da jahilcinki da duk mun huta. Wa ya aike ki boko da furfura? Ajiye tiren nan ki saurare ni. Mai farar motar nan mai bincike ne, daga ofishin gasar. Ya je makaranta, ya je wurin Don Pilo, yanzu ya bar gidana, har kofi na ba shi, munafuki, sai sannu yake yi kamar ɗan limami. Duk bakinmu ɗaya: babban ne ya mutu tun yana ƙarami. Amauris. Ke ce hannunki bai nuna ba, kika rikice, kika jefa sunan mai rai a akwatin matattu. Cuco ya ce haka za ki faɗa. In ya ce kabari, ki kai shi, ki nuna, ki ce Amauris ne a nan. Kalma ɗaya! Ni da na riƙe shi a gaban Fada na faɗa, ga bakina nan, ya karkace?"

Ta tafi yadda ta zo. Ganyen agade yana ta kaɗawa a bayanta.

Bai karkace ba. Amma ke ba ki haife shi ba, Nereida.

Kalma ɗaya... Uwa ta tsaya a kan kabari ta kira sunan ɗanta mai rai? Wanda jiya-jiyan nan ta gani a talabijin ɗin kanti yana tsaye da sanda, wani ƙato yana jifansa da ƙwallo mai taurin dutse, ta wuce ta gefen kunnensa har hular ta faɗi? Ta taɓa ganin wani yaro, ɗan garin Baní, ƙwallon ta same shi a fuska. Yadda ƙafarsa ta riƙa shure-shure a ƙasa... Ga jirgi, yau wannan gari gobe wancan, sama da gajimare. Bakin uwa ba bakin maƙwabciya ba ne. Abin da ta faɗa ana rubutawa, ba a ofis ba.

In kuma ta faɗi gaskiya? Ta san yadda ake yi, ɗan Tomasa da aka kama da takardar wani ya nuna wa kowa. Dakatarwa shekara guda. Biza ta tafi. Wurin da ya jira shekara bakwai a ba wani kafin a wanke rigarsa, wani mai ashirin da ɗaya, ko mai takardar ashirin da ɗaya. Ya dawo nan, ya hau acaɓa a bakin kasuwa, yara suna nuna shi. Ɗan Tomasa ba ya kallon uwarsa in yana magana. Ba ya zaginta, a'a. Kallonta ne kawai ba ya yi.

Kullum, Mami...

Ba laifinsa ba ne. Ba shi ya buɗe gwangwani ba. Ya taɓa tambaya, sau ɗaya, ranar da zai tafi, jaka a kafaɗa: Mami, Isidro ba zai ji haushi ba? Ta ce ƙaninka ne, aro ya ba ka. Aro! Yaushe ake mayarwa?

Yanzu kam ƙofar ce. Ya fito. Ba tsoho ba ne, farar riga, jakar fata a hammata, yana tsallake kwata a hankali don kar takalmi ya ɓaci. Kaji suna watsewa. Ta tashi? Ta shiga ɗaki ta kwanta ta ce zazzaɓi? Gobe zai dawo. Irinsu ba sa gajiya, albashinsu ke nan. Uwa Maryamu, ke ma an tambaye ki ɗanki... a'a, ba a tambaye ki ba, kallo kawai kika yi. Wa zan kira?

"Sallama, Doña Fidelina. A gafarce ni, na zo ana aiki."

Yana goge ƙafa a tsumma. Ta ba shi kujera, ta zuba masa kofi, hannun yana yi shi kaɗai. Ya kurɓa, ya ce irin na kakarsa. Ya ajiye ƙaramar na'ura a kan tebur, ya danna, wata jar fitila ta kama kamar ƙwayar idon ɓera.

"Ba zan daɗe ba, Mama, ni ma ina da uwa. 'Ya'ya nawa Allah ya ba ki?"

Biyu.

"Ɗaya ya rasu."

E.

"Allah ya ba shi hutawa. Sunansa fa?"

Ya cire murfin biro. Yana jira, ba gaggawa, har da ɗan sunkuyar da kai irin na masu ta'aziyya. A can kanti wani ya ƙure rediyo, ana jero waɗanda za su fara wasan yau, ba ta jin sunayen, sai ihun maza. Kabarin ɗaya ne, rami ɗaya, ɗan ƙarami, tsawon katakon gado — kuma duk wanda ta kira yanzu, yaron da ya yi mata dariya da safe ne zai shiga. Da wannan sunan ko da wancan. Shi ne dai.

"Doña?"

Ta buɗe baki. Ta gaji, Allah, ta gaji...