Na'urar Gwaggo

Ni na rubuta manhajar, kuma ba na ɓoyewa. Kamfaninmu na da kantuna tara da na'urorin karɓar kati talatin da shida. Masu sayar mana da na'urorin sun buɗe wata ƙofa da ake kira API, ta nan manhajata ke leƙawa duk bayan minti biyu tana tambaya: wacce ce a kunne, wacce ce a kashe, yaushe aka saka kati na ƙarshe. Amsa ta fito a allon ofis, kore ko ja. Wata uku na yi ina aikin a teburin bakin sito, inda mazan ofis ke ajiye kofunansu suna kirana Farfesa.

Na yi ta ne don mu gano na'urar da ta lalace kafin layi ya taru. Manaja kuwa wani amfanin ya hango.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita ta riƙe ni tun ina aji uku, har yau a gidanta nake. Shekararta goma sha ɗaya tana kashiya a reshen bakin tasha. Na'urarta, ta sha huɗu, kusan kullum ja take nunawa, kuma na san dalili. Soket ɗin kantarta ya mutu tun wata biyar, ta kai ƙara har ta gaji. Sai ta riƙa yin caji da safe a wurin maƙwabciyarta, tana kashe na'urar bayan kowane mai saye don cajin ya kai ta yamma.

Ranar Litinin Manaja ya tara ma'aikatan reshen a ofis, ya sa aka kira ni da kwamfutata.

"Farfesa, karanta mana na'ura ta sha huɗu."

"Awa biyar a kashe ranar Asabar, ranka ya daɗe. Amma soket ɗin..."

"Karatu na ce, ba fassara ba."

Wani ya yi dariya a baya. Gwaggo na tsaye cikin rigar aiki, hannunta a harɗe, ba ta kalle ni ba. Na juya wa Manaja allon. Tun da safe na janyo bayanan biya na wata guda, na jera su.

"Duba nan. Babu na'urar da ta kai tata karɓar kati a reshen nan. Wanda ba ya bakin aikinsa ba ya karɓar kati."

Ko kallon allon bai yi ba.

"An ce in rage mutum ɗaya kafin ƙarshen wata. Abu biyu ne. Ko manhajarki ƙarya take yi, mu san mun yi wata uku muna ciyar da ke a banza, ko gaskiya take faɗa. Wanne ne?"

Na ga mazan ofis sun gyara tsayuwa, abin da suka daɗe suna jira ke nan.

"Manhajata ba ta ƙarya," na ce.

"Kun dai ji da kunnenku. 'Yarta ce ta faɗa, ba ni ba. Ke kuma Baba, miƙa makullin durowa."

Gwaggo ta ciro makullin daga wuyanta ta ajiye a hankali. Sai Manaja ya ce in buga takardar awannin, in sa hannu a ƙasa a matsayin wadda ta tabbatar. Na sa.

Da na koma gida na tarar da ita tana wanke rigar aikin, za ta mayar musu.

"Gwaggo, ko na ce kuskure ne, ni zai kora yau, ke wata mai zuwa."

"Na sani."

"To me ya sa ba kya kallona?"

Ta matse rigar, ta shanya.

"Ai ba lissafin nan kika yi ba lokacin da kika buɗe baki. Na san fuskarki. Tun kina ƙarama gara a yanka ki da ki ce kin yi kuskure. Ni na raine ki a haka, ina ta yi wa mutane alfahari." Ta share hannu a zaninta. "Abincinki na kicin. Ki ci da kyau, yanzu ke ce mai ciyar da gidan."

Na ci, har na suɗe kwanon. Washegari ƙarfe bakwai da rabi ina kan teburina, na riga kowa zuwa. Da Manaja ya shigo na gaishe shi da cikakkiyar murya, ina kallon tsakiyar idonsa.