Ƙullin Ƙunshin Kifi

Mai awo ya ce wa tsohon masunci ya hau sikeli, shi da ƙunshinsa. A tsibirin haka ake yi: jirgin saman ƙarami ne, tafiyar duk bisa teku ce, sai an auna mutum kamar buhun gishiri. Kowa ya hau sai mai awo ya tsokane shi da ƙiba ko rama. Da aka zo kan tsohon masunci, nauyin kawai ya rubuta.

Matar tsohon ta rasu ranar Talata. 'Yarsu tilo tana birni da tsohon ciki, surukinsa kuma ya roƙa kada a gaya mata ta waya, tsohon ya zo da kansa. Ya yarda ne domin ya san jirgin ruwa kwana uku yake yi, a kwana uku kuwa mutum ya samo abin faɗi. Sai ga suruki ya aiko da tikitin jirgin sama.

Da suka tashi, ya taɓa wata malamar asibiti da ke gefensa.

"'Yar nan, ina za mu kwana?"

"Kwana, Baba? Kafin azahar mun sauka."

"Ashe an matso da birnin."

"Yana nan inda ka bar shi," ta ce tana dariya.

Ya leƙa taga. Tekun da ya ci ƙarfinsa yana shimfiɗe kamar fatar da aka shanya. Can ƙasa ya hango jirgin ruwa, ɗan mitsil kamar kwarkwata, yana jan farin zare a bayansa. Ya ce a ransa, waɗancan har yanzu da sauran lokacinsu.

Ya fara harhaɗa maganar. "Uwarki..." Daga nan ta ƙi gaba. Ya sake ɗaukowa ta wajen rashin lafiyar, ita ma ta tsinke.

Ya miƙa wuya wajen matuƙi, wanda labule kawai ya raba su. "Direba, ba a ɗan rage gudu?"

"In na rage, Baba, da iyo za mu ƙarasa. Man daidai tafiyar aka zuba."

Bai jima ba ruwan ya ƙare, rufin gidaje ya fara.

'Yarsa na tsaye bakin ƙofar fita, hannu ɗaya a ƙugu. Mijinta na bayanta, idonsa a ƙasa.

"Baba, yau kai ne a sama? Ka iso da wuri."

"Da wuri ƙwarai."

"Ya Inna? Ta dai aiko min da kifina ko?"

Ya miƙa mata ƙunshin busasshen kifin. Tun da ta yi aure uwarta ke ɗaure mata shi da tsumma, ɗaurin sako-sako da yakan kwance a hanya, har suna mata tsiya a kai. Wannan kuwa da igiyar komar kamun kifi aka ɗaure shi, ƙulli kan ƙulli, irin wanda igiyar ruwa ba ta kwancewa.

Ta sa farce, ƙullin ya ƙi. Ta juya ƙunshin, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, wa ya ɗaure wannan?"

"Ni ne."

 Ta nemi benci ta zauna a hankali, ƙunshin a kan cinyarta. Tsohon ya zauna kusa da ita, ya jawo shi, ya fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya.