Muryar Malam Seth

Darakta Aliou, kai ka cire muryar Malam Seth, kada ka laƙa wa na'ura laifin.

Ni Rahamatou ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma katanga ɗaya ta raba ni da marigayin a unguwar PK8, kuma ni na riƙe wayar da aka ɗauki bidiyonsa da ita.

Lissafi yake koya wa 'yan aji biyu a makarantarka. Da aka kawo majigi, shi ya fi kowa ƙi.

"Majigi ba ya ganin yaron da aka bari a baya," in ji shi.

Abokiyar aikinsa Malama Ikilima ta ce, "Baba, amma ba ya gajiya da maimaitawa."

Sai da ƙafafunsa suka kumbura, ya kasa hawa mota, sannan ya aika Ikilima ta zo da wayar makaranta a ɗauki darasinsa.

A barandarsa muka yi. Matarsa Miriam ta sayo dogon burodi, yana yankawa, yana bayanin rabi da rubu'i da Faransancinsa na mutumin Jos.

"Hajiya, hannunki na rawa."

"Hannun tuya ne, Malam, ba na silima ba. Yanka ka miƙo rubu'ina."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. In ruwa ya sauko kan kwano, sai mu dakata mu cinye darasin da shayi. Ban taɓa ganinsa cikin walwala kamar kwanakin nan ba. Da Ikilima ta ce yara na roƙon a sake musu darasin burodi, ya ce, "To, na sami mai shiga aji a madadina."

Wata rana da hantsi Malam ya cika, a kujerarsa, Miriam na shafa masa mai a ƙafa.

Bayan jana'iza ta ce in raka ta makaranta ta ji muryarsa. Muka tsaya a tagar aji. Ga hannunsa a bango, ga wuƙa, ga burodi. Sai muryar wata mace ta fara magana a madadin tasa, sumul, ko numfashi babu. Ikilima ta sunkuyar da kai. Wai kai Darakta ka ce tari ya yi yawa, harshensa kuma zai ɓata wa yara Faransanci.

 Miriam tana nan kan benci a ƙofar ofishinka, jaka a cinya, ta tuɓe takalmi. Fito ka faɗa mata inda ka kai muryar mijinta.